Tagar Aji Huɗu

Argungu, watan Rajab.

Zuwa ga Yayata Ɗayyaba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taki? Ya Malam da yara, ya mutanen Gesse? Mu nan lafiya lau, maigidana Shafi'u yana can fadama wurin albasa.

Yaya, zancen makarantarmu ne, ta bakin fadama, wadda Baba ya ce da ƙafafunsu suka kwaɓa ƙasarta, Inna na kai musu hura. Kin san tun shekarar ambaliya da bangonta ya tsage aka kwashe yara zuwa sabuwa, ta zama makwancin awaki. To samarin unguwa sun tashi gyara ta. Za ta zama zauren jama'a, manoma su yi taro, a yi biki, mata su koyi sana'a. Hajiya Sharifa, shugabar matanmu, ta zo har gida ta roƙe ni in riƙa koyar da ɗinki. Ta ce aji huɗu aka ware muna.

Na ce zan yi shawara.

Lokacin ambaliyar hanya ta yanke, ba ki samu zuwa ba sai bayan sadakar bakwai, ni kuma ban taɓa ba ki labarin duka ba. Da gulbi ya ci gidanmu, a aji huɗu aka sauke mu. Ɗiyata Salwa har murna take yi, wai za mu kwana a ajinsu. Ta ja ni ta nuna mini wurin zamanta ƙarƙashin taga. Da amai da gudawa ya kama ta, nan ta ce in shimfiɗa mata tabarma, kada wata ta gaje mata wuri kafin a koma karatu. Nan na riƙe kanta a cinyata har Allah ya karɓi abinsa.

Tun ranar, ko kasuwa zan je sai in zagaya ta bayan masallaci don kada in ga rufin makarantar. Shafi'u ya ce in na ji ba zan iya ba in bari, ba mai ganin laifina. Amma matan nan maƙwabtana ne, su suka yi wa Salwa wanka.

Ki sa ni addu'a. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki, Hure.

Argungu, watan Sha'aban.

Yaya Ɗayyaba,

Sallama da gaisuwa. Na ga saƙonki da man zafin da kika aiko wa Inna, Allah ya saka. Ina fata kun tashi lafiya.

Na tafi, Yaya. Ranar buɗewa Mubina, ƙawar Salwa, ta zo ta riƙe mini hannu har ƙofa. Ta zama budurwa, ta fi ni tsawo. Ina tafe ina karanta duk abin da na sani, na shirya ma ɗakin nan kamar mai shirin ganin gawa.

Da na shiga ban ga ɗaki ba. Ashe sun rushe bangon da ya raba azuzuwan, sun mai da su zaure guda dogo. An shafe ƙasa da siminti, an toshe tsofaffin tagogi, an buɗe manya a wani gefen. Wurin ya yi kyau ƙwarai. Ana ta jawabi, wani tsohon malami yana ba da tarihi tun daga su Baba, har ya ambaci ambaliya a gurguje ya wuce. Ni kuwa ina bin bango da hannu ina neman inda tagar take.

Na tambayi Yari magini. Ya duba nan, ya duba can, ya ce wataƙila wajen kekunan ɗinki ne, wataƙila gaba kaɗan. Mubina ma ta rikice, ta fashe da kuka, sai ni na koma ina ba ta haƙuri.

Shekarun nan duka ina gudun wurin, amma na san yana nan. Maƙabartar ma ruwa ya sha shafe ta, ban iya nuna kabarinta. Wannan ɗan gurbin kaɗai ya rage mini.

Na fara koyarwa. Mata suna zuwa sosai, akwai masu hannu a cikinsu. Sai dai a gefen bango nake tafiya, ban iya taka tsakiyar zauren, don ban san inda nake takawa ba.

Yaya, ke kin riga ni zama ajin nan, kuma kin fi ni riƙe abu. In ƙafarki ta yi sauƙi kafin azumi, don Allah ki shigo mota ki zo ki tsaya cikin zauren, ko za ki gane mini wurin.

Ki gaida Malam da yara.

Taki har kullum,
Hure.