Tukwanen Iskar da Aka Aro

Norfolk, 9 ga Mayu

Zuwa ga Yaya Cornelius,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata wannan takarda ta same ku lafiya, kai da Anti Maxine, kuma gwiwar nan taka ta fara sabawa da sanyin Alaska. Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau. Mama tana nan da ƙarfinta, ranar Lahadi ma sai da ta gyara wa fasto karatu a gaban jama'a. Ni kuwa ina laburare, ina fama da masu cin gyaɗa a kan littattafai.

Na ƙi kiranka a waya ne domin na san bakina, kuma na san za ka kashe. Maganar 'yata Jolene ce. Ta ce ka kira ta, ka ce wai ta tona wa jirginta asiri, wai a zamaninku sojan ruwa na kirki ba ya yin haka. Kai ne fa kawun da ta shiga aikin nan dominsa, tun tana 'yar shekara bakwai take yawo da tsohuwar hularka. Tunda rabin labari ka ji, ga sauran.

Ka san ita ke kula da kayan kashe gobara a jirginsu. Tukwanen iskar nan da ake goyawa a shiga hayaƙi, goma sha takwas sun lalace tun bara. Ta rubuta har ta gaji, ba a kawo sababbi ba. Da aka ce masu duba jirage za su zo, sai ogansu ya yi abin da kuka saba: ya aika aka aro na jirgin da ke kusa da su a tashar ruwa, a nuna, a mayar bayan kwana huɗu. Ya ce mata haka aka gada, kowa ya yi, ta sa hannu kawai ta daina yi masa kallon malamar makaranta.

Mai duban wani gajeren dattijo ne mai furfura. Ashe yana da wata ɗabi'a, duk tukunyar da ya gwada sai ya ɗiga mata jan alli a gindi. Ya juya ta farko, ya ga ɗigon da ya yi makon jiya a wancan jirgin. Ya juya ta biyu, ya juya ta uku. Jolene ta ce ko murya bai ɗaga ba. Cewa ya yi shi da tukwanen nan sun san juna, sai dai bai san suna zuwa ziyara ba. Sannan ya dube ta ya ce, 'yata, na wa ne? Ogan na tsaye yana zare mata ido. Ta faɗi gaskiya.

Ka san ni da karance-karance, na je na binciko asalin wannan aiki. Tun zamanin jiragen katako aka gane cewa kyaftin ba zai faɗi aibin jirginsa ba, tunda darajarsa a kansa take. Shi ya sa aka ware mutane daga cikin rundunar, waɗanda ba ya iko da su, su zo su soka ƙarfe a katako su ji ko ya ruɓe a ƙarƙashin fenti. 'Yan gida ne, Yaya, kakinsu irin naka. Ku kuwa kuka mai da zuwansu kamar zuwan suruka, a share falo a tura shara ƙarƙashin gado. Shekara ashirin da shida ka yi a ruwa, kuma ni shaida ce, ba wanda ya kai ka iya fenti a danginmu.

An hana jirgin su Jolene fita. Sababbin tukwanen da suka gagara shekara guda sun iso cikin kwana tara. Ogan ya rubuta mata mummunan rahoto, ƙarin girman bana ya wuce ta. Wannan ta haɗiye shi. Maganarka ce ta tsaya mata a wuya, har ta karɓo takardar ajiye aiki. Ba ta sa hannu ba tukuna, ta ce sai ƙarshen wata.

Akwai abin da ta hana ni gaya maka, wai kada hawan jininka ya tashi. Na auna, na ga gara ya tashi. Jirgin da aka kwashe wa tukwane, na ɗanka Thaddeus ne. Kwana huɗu yana ƙasa a ɗakin injin, ana walda a saman kansa, akwatunan kayan gobarar ɓangarensu kuwa wayam. Shi bai sani ba. Ita ta sani, domin ita aka sa ta ƙirga su a bakin tsani ana shigowa da su.

Tana tashi aiki ƙarfe huɗu, wato sha biyun rana a wajenku. Ka kira ta. Ba na ce ka ba ta haƙuri ba, a gidanmu ba wanda ya iya wannan. Ka tambaye ta kawai yadda ake gwada tukunya, ka yi shiru har ta gama. Takardar kuwa na ɓoye ta a cikin ƙamus, inda ba ɗan gidanmu da zai leƙa, amma ranar talatin ga wata zan mayar mata, domin tata ce.

Ka gai da Anti Maxine da kyau, da Lucille da mijinta, da jikanka Amos. Mama ta ce ka riƙa sa safa biyu.

Ƙanwarka mai ƙaunarka, ko da tana fushi,
Odessa