Ko Noti Ɗaya Kada Ka Sayo wa Maiwada

Zuwa ga Yayana Abdulmumin,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Fauziyya da yara. Yaya Ikko, yaya kasuwar gwanjo? Allah ya ƙara buɗi, ya kare ka daga sharrin baƙon wuri. Mu nan Gaya lafiya lau muke. Baba da Inna suna nan ƙalau a Balan, sai dai gwiwar Inna da take ɗan motsawa in an yi sanyi. An cire gyaɗa, bana ta yi albarka, naka rabon yana wurin direban da ya kawo maka wannan takarda.

Yaya, dalilin rubutun nan shi ne na ji abokinka Maiwada yana yawon neman sabuwar lambarka. So yake ka sayo masa kayan keke irin waɗanda ka aiko wa maigidana Ɗayyabu, kafin tseren zaɓen 'yan wasan jiha da za su je Kano su biyu. Na san halinka, mutum ya tuna maka ƙuruciya sai ka narke. To kafin ka ce masa to, zauna ka ji abin da aka ɓoye maka. Baba ne ya hana a faɗa maka, yanzu kuwa ya sake mini baki.

Tseren da matasan nan suke yi daga Gaya zuwa Ajingi ba irin na rububi ba ne. Ɗaya bayan ɗaya ake sakinsu da 'yar tazara, kowa ya taka shi kaɗai, agogo ne alƙali. Bara kowa ya san Ɗayyabu ne zai ci. Ana gobe tsere sai Maiwada ya je har zauren Baba ya durƙusa, ya ce wai ana son dattawa su fito su sa albarka. Da safe ya aiko da adaidaita sahu, aka shimfiɗa wa Baba tabarma a gindin darbejiyar mararraba, dab da kwalta. Shi Maiwada da ya zo wucewa hannu kawai ya ɗaga, ai ba surukinsa ba ne. Ɗayyabu kuwa yana tahowa kamar iska sai ya yi ido huɗu da uban matarsa. Me kake so ya yi? Ya danne birki, ya sauka, ya cire takalmi ya durƙusa. Baba, bawan Allah, bai san agogo yana tafiya ba. Ya tambaye shi gona, ya tambaye shi ni da yara, ya ɗaga hannu ya yi masa doguwar addu'a. Kafin a shafa, na bayansa duk sun wuce.

Da a nan abin ya tsaya, da na haɗiye. Amma Maiwada sai ya zauna teburin mai shayi yana ba da labari yana ƙyaƙyata dariya, wai shi ba ya wahalar da ƙafarsa, tsoho ɗaya ya ishe shi birki. Sunan kuwa ya kama. Ubanmu, Yaya, Malam Usaini da ake cire takalmi a gabansa, shi aka koma kira Baba Birki a bayan idonsa, har maganar ta dawo kunnensa. Ya daina zama a ƙofar gida, daga masallaci sai ɗaki. Ran da na je duba shi ya kasa kallona, yana ta cewa shi ya kayar da yaron nan. Wallahi tun da nake ban taɓa jin zuciyata ta yi baƙi irin na ranar ba. Ɗayyabu da sanyin halinsa cewa ya yi a bar wa Allah. Na ce mun bar wa Allah, amma keken ma za a gyara.

A nan ne na dame ka da waya, kana ta tsokanata wai ko ni zan hau. Bodin keken da ka aiko mara nauyi ne, da hannu ɗaya nake ɗaga shi. Ɗayyabu ya kai shi rumfar Inuwa mai gyaran keke, aka sa siraran tayoyin nan, aka ƙi sa masa kariya da ƙararrawa da duk wani tarkace. Ƙahonnin nan biyu da ake ɗora gwiwar hannu a kai su suka ba da wuya, don kan keken ya yi musu kauri, sai da mai walda ya ƙera musu mariƙi. Tayar baya Inuwa ya rufe ta gefe da gefe da faifan roba, ya ce iska ce babbar abokiyar gaba, ba tudu ba. Sirdi kuwa sun ɗaga sun sauke ya fi a ƙirga, har aka dace da inda Ɗayyabu zai kwanta a kan keken bayansa a miƙe, numfashi bai yanke masa ba. Ni ma ban zauna ba. Na lura rigarsa tana cika da iska kamar buhu, na hau keken ɗinkina na yi masa wadda ta kama jiki. Ya ce kunya yake ji, na ce kunyar ai ita ta kai mu inda muke. Kullum in ya dawo daga asuba ni nake kora shi titi, ko ana yayyafi. Wata rana ya taka da ƙarfi ya sassauta, ya sake takawa, wata rana ya yi doguwar tafiya ba hutu. Na hana shi cika ciki da tuwo kafin fita, sai kunun gyaɗa da dabino. Ya rame, ya yi baƙi, amma cinyarsa ta zama icce.

Ana saura kwana kaɗan tseren bana, muka roƙi Baba ya yi zamansa a gida. Ya ce ƙafarsa ƙafar mararraba, kuma da tabarmarsa zai je. Hankalina ya tashi, don na san mijina, tsaf zai sake sauka. Da aka jefa ƙuri'a sai Allah ya sa Ɗayyabu ne zai tashi bayan Maiwada. Ni ina zauren gidan Gwaggo Hanne da yake kallon mararraba, tare da mata, ina leƙe. Sai ga Maiwada ya ɓullo yana haki, ga Ɗayyabu a bayansa ya kwanta a kan ƙahonnin nan, ya cinye tazarar kaf. Da suka doso darbejiya na ga kan Ɗayyabu ya ɗago, na ga hannunsa ya nufi birki. Kawai sai Baba ya dafa sanda ya miƙe tsaye, ya ɗaga murya yadda ban taɓa ji ba: "Taka, Ɗayyabu! In ka sauka ban yafe ba!" A gaban Baba ya wuce Maiwada kamar an dasa shi. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Shi ya zo na ɗaya, Maiwada da ƙyar ya tsira da na biyu.

'Yan koren Maiwada suka koma cewa Ɗayyabu ba shi da tarbiyya, ya wuce surukinsa a guje cikin matsattsun kaya. Baba ya ce a gaya musu shi dai a sunkuye ya ga yaron ya wuce, kuma ya amsa gaisuwar. Yanzu ya dawo zaman ƙofar gida. Shi Maiwada ya kwaso dattawa ya zo ban haƙuri, wai wasa ne ya yi yawa. Baba ya yafe, Ɗayyabu ma ya yafe, har da ba shi hannu. Ni kam ban yafe ba, kuma ba na jin nauyin faɗa. Ni na ga tsohon nan ya shekara yana sanɗa a garinsu kamar wanda ya yi sata. So nake a Kano ma ya sha ƙurar Ɗayyabu a gaban mutanen jiha. Don haka in ya same ka, ka tuna sunan da ya sa wa ubanka. Ko noti ɗaya ka sayo masa, ni da kai ne.

Ka gaishe mini da Anti Fauziyya, da Yusuf, da takwarata Muhsina ƙarama. Inna ta ce kada ka manta da man zafinta. Baba da Ɗayyabu suna gaishe ka, Inuwa ma yana godiya. Maiwada ya tsare direban nan a tasha ya ce a gaishe ka. Na isar don amana ce, ba sai ka amsa ba.

Taka ƙanwa,
Muhsina Usaini, Gaya.