Ruwan Jegon Suwaiba

Gidan Sori, watan Rajab, shekara biyu da samun mulkin kai.

Zuwa ga ɗana Maharazu, jandarma a Gazawa. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, ya aiki? Alƙalamin na Malam Hayatu ne, bakin nawa ne.

Matarka Suwaiba ta sauka lafiya, namiji. Sai dai ta taso da tsohon wasanta. Bara ƙafa ta mutu ta farfaɗo, bana wai ido ɗaya ba ya gani. Ciwon da ke zuwa ya tafi don kansa, lalaci sunansa.

An karanta mini takardarka. Wai likitan Maraɗi ya zuƙi ruwan gadon bayanta, ya ce masu tsaron da ke cikin jininta sun rikice suna gaigayar jijiyoyinta, kuma zafi na tsananta abin, kada a yi mata wankan jego. Ribar lakol, bokon nan naku, ke nan? Yaushe mai tsaron gida ya taɓa cin gida? Sai in jero maka matan gidan nan tun daga kakata Gimbiya, wadda ta yi wankanta cikin shekarar fara. Ba wadda ta tsallake tukunya. Na sa gwaggonka Halima ta hura wuta.

Ka huta lafiya. Ubanka, Ɗan Azumi.

Gidan Sori, watan Azumi.

Ɗana Maharazu, gaisuwa, ya ƙishirwa? Mu lafiya lau.

Takardunka uku sun iso, ban sa an buɗe ba, na san abin da ke ciki.

Rana ta tara ƙafafunta suka saki a wurin wankan, ta fito da rarrafe tana roƙo. Na ce sanyi ne ke fita, a ƙara itace. Rana ta ashirin jaririn ya suɓuce mata, wai ba ta ji shi a hannu ba. Na karɓe shi na ba Halima. An cika arba'in cif, safe da yamma, ba fashi. Ba mai zagin gidanmu.

Yanzu ba ta tashi, ɗayan idon ma ya bi. Na sa an ɗaure ta bisa jaki an kai wa iyayenta. Yaron namu ne, yana nan, yana shan nonon akuya.

Da za a fita da ita ta kira ni Baba, ta daɗe tana ba ni saƙo zuwa gare ka. Ban riƙe ba.

Allah ya yi maka albarka. Ubanka, Ɗan Azumi.