Maganar da Aka Katse wa Baba

Auta,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya babban birni? Inna na gaishe ki, ta ce wai kwamitin gyaran tsarin mulkin ne ya hana 'ya'ya zuwa gida? Tunda kin ce mu rage dogon zance a waya saboda ana sauraren ku, ga ni na koma takarda. Direban da ke kai kaya zai miƙa miki.

Shagonmu ya zama majalisa. Mutum zai zo aski, a gama masa, ya ƙi tashi. Tela na cewa a bar shugaban ƙasa ya zarce, ai a zamaninsa aka kawo kwalta har bakin kasuwa. Tsohon Kurtu na cewa wa'adi biyu aka rubuta, in an goge wannan yau, gobe me za a goge? Ni dai nawa ido, duk wanda ya ci, gashi ba zai daina tsiro ba. Baba kuwa kin san shi, ba ya barin kowa ya kai ƙarshen zance. Jiya ya bar Tela da rabin kai a aske, kumfa na bushe masa a haɓa, yana ta yi masa bayani da aska a hannu. Tela ya ce, "Na yarda, wallahi na yarda, a dai ƙarasa min!"

To ga dalilin wasiƙar. Mun ji a rediyo kwamitinku zai zo garinmu jin ra'ayin jama'a, Baba ya ce sai ya yi magana. In ba kowa a shago, gaban madubi yake tsayawa yana gwaji. Muryar ta ɗan dishe kwanan nan, amma bai fasa ba. Ya ce, "'Yata na ciki, wa zai hana ni?" Ki yi masa hanya.

Ki huta lafiya.
Yayanki

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Na samu saƙonka, na yi dariyar Tela har da hawaye. Ka gaishe min da Inna da Baba da kyau.

Amma don Allah, don Annabi, kada ka bar Baba ya zo taron nan.

Ni ba 'yar kwamiti ba ce kamar yadda yake faɗa wa mutane. Ina zama ne a gefen dandamali, bayan labule, da akwatin da ke kunna makirufo a gabana. Daga inda nake ba na ganin jama'a, shugaban kwamiti kaɗai nake gani. In mai magana yana godiya, ko yana roƙon asibiti da famfo, a bar shi ya yi ta yi. In kuwa ya doshi batun wa'adi, shugaba ba ya cewa komai. Tabarau ɗinsa kawai zai cire ya ajiye a kan tebur, ni kuma in murɗe, makirufon ya mutu. Sai a ce na'ura ta samu matsala, a ba da haƙuri, a kira na gaba. Haka muka yi a duk garin da muka je. Wanda ya riƙe akwatin kafin ni ya taɓa yin jinkiri, washegari ko ƙofa ba a bar shi ya shiga ba.

Na san abin da za ka ce. Ni ma ina faɗa wa kaina kullum. Amma ka san wuyar da aka sha kafin in samu aikin nan.

Kada ka gaya wa Baba. Ka ce masa wuri ya cika, ko an rufe ɗaukar suna. A dafa masa citta don muryar.

Ƙanwarka,
Auta

Auta,

Sallama. Ba zan tsaya doguwar gaisuwa ba, raina a ɓace yake.

Na ce masa wuri ya cika, ya ce zai tsaya a tsaye. Ya sa farar rigar da Inna ta goge masa, ya rufe shago da rana tsaka, abin da ko ranar da aka haife ki bai yi ba. Muka bi layi. Da aka zo kansa, aka miƙa masa makirufo.

Ya ce, "Jama'a, ni mai aski ne. Tun ina saurayi nake ɗora aska a maƙogwaron mutane, su rufe ido har su yi gyangyaɗi. Masu son cire wa'adi, ku saurara. Ba don ni waliyyi ba ne suke sakin jiki. Don sun san..."

Ɗif. Bakinsa na motsi, ba mai ji. Ya bubbuga makirufon, ya hura. Ya yi ƙoƙarin ɗaga murya, muryar ta ƙi. Wasu samari a baya suka kwashe da dariya, wani ya ce, "Tsoho, a zauna haka!" Kin san abin da ya yi? Ya waiga yana dube-dube, ya ce wa ɗan sandan da ya zo karɓar makirufon, "Ina Auta? A kira min ita ta gyara, a nan take aiki."

Ni da na sani, ƙasa kawai nake kallo.

Mun jira ki a bakin ƙofa har motocinku suka wuce. Ya ce ƙila aiki ne ya yi miki yawa. Muka kama hanyar gida. Tela da ke adawa da shi ne ya riƙe masa hannu suka tsallaka titi.

Tambaya ɗaya gare ni. Da kika murɗe, kin san shi ne?

Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa, in za ka amsa.

Na so in ce maka ban gane shi ba. Da farko kam ban gane ba, wallahi. Murya ce na ji kamar ana jan kujera a siminti, na ɗauka wani tsoho ne daban. Sai da ya ce "ni mai aski ne" na gane shi. Na ɗaga kai, tabarau na kan tebur, shugaba na kallona. Na murɗe.

Na ji lokacin da ya kira sunana. Labule ne kawai tsakaninmu. Na kasa tashi, na kasa fitowa, da aka watse na shige mota na kwantar da kai don kada ku gan ni.

Na ce a raina, Baba ne fa, gobe zai ƙarasa maganarsa a shago, ya faɗa wa duk wanda ya zauna a kujera har su gaji. Da wannan nake rarrashin kaina. Amma me ya samu muryarsa haka? Wannan ba mura ba ce. Ka gaya min gaskiya.

Auta

Auta,

Assalamu alaikum. Na jima ban rubuto ba, muna asibiti.

Ke kin ɓoye masa naki, shi ma ya sa na ɓoye miki nasa. Tun kafin wasiƙata ta farko likita ya ga ƙari a maƙogwaronsa, ya ce sai an yi aiki, kuma in an yi, murya ta tafi ke nan. Baba ya ce a ɗaga har kwamiti ya zo ya wuce. Ya ce kada a gaya miki, kina da babban aiki a gabanki. Da na faɗa miki, ƙila da hannunki bai tafi ba. Wannan nauyin ni ma ina ɗauke da shi.

An yi aikin, ya tashi, alhamdu lillahi. Yana gida, da allo ɗan ƙarami da alli a gefen gado. A kan gadon ya ji rediyo na cewa gyaran ya wuce, wai duk waɗanda suka yi magana a garinmu sun goyi baya. Ya nuna min in kashe.

Shago ya yi shiru. Tela ya zo aski, na gama masa tsaf ba wanda ya tanka, ya fita yana share ido.

Inna ce ta sa ni rubutun nan. Ta ji an ce kuna naɗar duk abin da aka faɗa a taro. Ta ce ko za ki samo mata na Baba, ta riƙa jin muryarsa. Ba ta san komai ba.

Yayanki

Baba,

Ina gaishe ku da jiki, Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne.

Ga faifan da Inna ta nema, na ba direba. Gajere ne ƙwarai. Inda aka kashe makirufo, nan naɗin ma yake tsayawa. Na saurare shi har ban san iyaka ba, kullum a "don sun san" yake ƙarewa.

Ba na'ura ba ce ta lalace, Baba. Ni ce na kashe, kuma na san ku ne. Kun kira ni ina jin ku.

Kwamiti ya gama aikinsa, an sallame mu. Ina nan zaune a ɗaki, na kasa shiga motar gida. Ban san ko kuna son ganina ba.

'Yarku,
Auta

Auta,

Lafiya lau. Ki yi haƙuri da rubutun, hannuna aska ya sani.

Tun a ranar na gane. Takalminki na gani a ƙarƙashin labule bayan na kira ki, wanda na kai aka yi wa ɗinki.

Ga sauran maganar: don sun san in na gama zan ɗauke hannuna su tashi. Ita ke nan, ba yawa. Ba sai kin kai wa kowa ba.

Na ji zafi, ba zan ɓoye miki ba, har yanzu ina ji. Amma ki zo gida ki faɗi naki da bakinki, tun daga farko har ƙarshe. Yanzu ba na iya katse kowa.

Babanki