Sati Uku a Gonar Babanki

Kafanchan,
11 ga Yuli, 1976.

Afiniki tawa, ruwan Matsirga mai sanyaya ƙirjina, kunun achana na ranar gajiya, ke da muryarki ke sa in manta baitin da muke kai a majami'a,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, ke da Baba da Mama da dukan mutanen Fadan Kaje. Kafin 'yan kasuwa su kawo miki labarin da gishirinsu, gara ki ji daga gare ni: kwalejin horon malamai ta dakatar da ni shekara guda. Na faɗi lissafi, na faɗi dabarun koyarwa. Ga ni nan ɗakin kawuna bayan tashar jirgi, kunya ta hana ni ko leƙa kasuwa.

Kin san ni da lissafi ba mu taɓa shiri ba. Amma abin da ya kayar da ni, sati ukun nan ne na watan Mayu, da na sulale daga makaranta na zo noman surukai. Yaya zan zauna a aji, alhali an ce wani ɗan Zonkwa ya tara samari zai shiga gonar cittar Baba? In bar wani ya yi gumi saboda ke ina raye? Haba! Na ɗauki garma, muka huɗa, muka dasa, muka rufe da ciyawa, jarrabawa kuwa tana can tana jirana.

Kin tuna ranar ƙarshe, gindin ɗorawa? Tafin hannuna ya fashe, kika yage bakin ɗankwalinki kika ɗaure mini, kina faɗa wai mai hankali ba ya barin littafi saboda mace. Kina faɗan, idonki na kawo ruwa. Kin yi gaskiya, sarauniyar masu tsiwa, na yarda. Ƙyallen yana cikin Littafi Mai Tsarki nawa, kuma in na buɗe, ƙanshin hayaƙin girkinku nake ji, sai kewarki ta kama ni.

To, kuka ya isa. Na rubuta takardar roƙo, kwamitin malamai zai saurare ni ranar Talata, ashirin ga wata. Abokina Silvanus ya ce in nemo takardar asibiti a rubuta na yi ciwon shawara, wai haka kowa ke yi. Na ƙi. In mayar da ke ciwo, Afiniki? In shiga aji in koya wa 'ya'yan mutane gaskiya da satifiket ɗin ƙarya? Zan tsaya gabansu in ce na yi laifi, na tafi ba izini, ga dalilina, a bar ni in sake zama jarrabawa. Tun ran da na dawo, lissafi goma nake yi kafin in karya kumallo. Shida nake ci yanzu, da can biyu ne.

Sun ce in zo da shaida. Ta farko tana tafin hannuna, kantar garma ba ta ɓace ba. Ta biyun tana wurinki. Ki je gun Fasto Luke ya rubuta cewa kwanakin nan a gonarku na yi su, ba a yawon banza ba, Baba kuma ya dangwala yatsa. Na san halin Baba. Shi ya ce ba zai ba da ke ga wanda bai zama malami ba, kuma ran da ya ji an dakatar da ni, zai iya juya mini baya. Tsoron da ke cina ke nan, ba kwamiti ba. Ki bari sai ya dawo daga zagayen gona, ya ga yadda cittar ta tsiro, sannan ki durƙusa ki faɗa masa duka, kada ki rage komai.

Ki ce masa baɗi ba zai gan ni da garma ba sai an yi hutu, kuma saboda 'yarsa ne. Ki ce sati uku na ba gonarsa ban nemi komai ba. Yau ina roƙon yatsa ɗaya.

In sun mayar da ni, ni naki ne. In sun ƙi, zan jira shekarar in sake buga ƙofarsu, kuma har lokacin ni naki ne.

Wanda kika ɗaure wa hannu,
Meshak.