Shukar Bayan Ɗaki

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ni ma lafiya, sai gwiwa da ta ƙi barina.

Kin tambayi shukar marigayiya mamanki, mai ganye kamar gashin tsuntsu, wadda ke cikin tukunya a bayan ɗaki kusa da famfo. Kin ce ita kaɗai kike so cikin kayanta. Kullum ina ba ta ruwa. Amma shekaranjiya na juya ganyen, sai ga ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa jere a ƙarƙashi. Na tuna haka muka yi sakaci da tarin mamanki har ya yi ƙarfi. Na ɗauko almakashi na datse duk ganyen da ya kamu, na kinkimo tukunyar tsakar gida ta sha rana. Shekara ashirin tana inuwa, ko fure ɗaya ba ta taɓa yi ba. Kwantar da hankalinki, tsohon tela bai manta riƙon almakashi ba.

Ki gaida jikokina.
Babanki

Zuwa ga Auta,

Ina gaishe ki, da fatan zazzaɓin ƙaramin ya sauka. Wasiƙarki ta iso, na ji za ki zo ƙarshen wata.

Auta, na yi ɓarna. Na kira mai sayar da furanni ya duba shukar. Ya ce ɗigon nan ƙwayoyin irinta ne, alamar lafiya, kuma ita dama ba ta fure, rana ce ke kashe ta. Na mayar da ita inuwa, na yi sati uku ina ban ruwa safe da yamma. Satin da ya wuce na tona, saiwar ta bushe ƙarau.

Mutumin ya kawo mini wata irinta sak, ya ce ba za ki gane ba. Ta kwana biyu a tukunyar, na kasa kallonta, na mayar masa.

Duk shekarun nan ina wuce mamanki a tsugune a wurin, ina tsokanarta wai tana wahala kan ciyawar da ba ta shiga tukunyar miya. Ban taɓa tsayawa na tambaye ta yadda take yi ba. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Idan kin iso, don Allah kada ki wuce bayan ɗaki kai tsaye. Ki fara tsayawa wurina.

Naki,
Babanki