Harshen Baba da Mazarƙwailar Bana

Unguwar Shanu, Kaduna
12 ga Janairu, 1976

Zuwa ga Yaya Indo,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da Malam Nuhu da yara can Kumasi. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan kowa kalau. Mai ɗakina Rabi ta yaye Hassana, yarinyar kuwa ta rama da kuka har kwana uku.

Dalilin takardar, lokacin matsar rake ya yi, kin kuma san Baba ba ya zuba mazarƙwaila a alewarsa sai ya je har inda ake dafa ta ya ɗanɗana. Abin da ba ki sani ba, Yaya, harshen Baba ya tafi. Tun zazzaɓin bara ba ya raba zaƙi da ɗaci. Ran nan Inna ta manta gishiri a miya, ya cinye yana yabo. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai. Mutumin da shekara talatin masu dafawa ke yin shiru su ji hukuncinsa, in ya yabi ƙonanniya a gaban jama'a, labarin zai riga mu isowa kasuwa.

Kwana biyu kacal maigidan da nake wa tuƙi ya ba ni aron motarsa, wuraren dafawar kuwa bakwai ne. Sai na riga Baba: Lahadi biyu na zaga su ni kaɗai, na tsayar da uku. Mutumin Maƙarfi, wanda dokinsa ke juya injin matsar raken a hankali, tasa ja ce, tana narkewa ba ta kama haƙori. Ta mutumin Kudan akwai ɗan ƙamshin hayaƙi, ita ce daidai alewar gyaɗa. Na uku wani tsoho ne bayan Hunƙuyi, abokin Baba, wanda ko tasa ba ta kai ba sai mun je, balle ta kai. Akwai wani mai daɗin baki da ke miƙa wa baƙo ta saman kasko ya ɓoye ta ƙasa. Shi na soke shi, na ce wa Baba hanyarsa ta lalace, Allah ya yafe mini. Duk wadda Baba ya nuna a wuraren nan uku mai kyau ce, babu inda zai ji kunya. Kada ki sa damuwa, na gama shiri tsaf.

Ni a ganina wayona ya ɓoyu. Da safen nan nake faɗa masa inda za mu, yana saurare yana gyara hula, can sai ya ce, "Sule, in mun je, kai za ka fara sawa a baki. Ni launi zan duba." Na ce to, Baba. Na fita na tsaya ina goge gilashin motar da na riga na goge.

Jibi za mu tashi, ki sa mu a addu'a. Inna da Rabi suna gaishe ki. Ki gaida Malam Nuhu, da Balki, da auta Ila.

Ƙanenki,
Sule